Hasumiyar Jidda da sauran dogayen gine-ginen da ke tasowa: me za su yi wa fuskar gari?

Alhaji_Sabitu_Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Ban daɗe da dawowa daga Umara ba, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai. Ranar dawowa, jirginmu na tashi daga Jidda na leƙa ta taga, sai na hango wani gini can arewacin gari, shi kaɗai tsaye kamar giginya a fako, da na'urorin ɗaga kaya a kansa. Wanda ke zaune kusa da ni ya ce ai wannan ita ce hasumiyar da aka ce za ta wuce mita 1,000, wato kilomita guda a tsaye. Na yi shiru ina lissafi. Kilomita guda ai tafiya ce ko a ƙasa.

Ga abin da ya sa nake tambaya. Zuwana Makka na farko a 1998 ne. A lokacin in ka doso Harami, hasumiyoyin masallacin kake fara hangowa, sai duwatsu a bayansu. Yanzu kuwa ko daga ina ka fito agogon nan na kan dogon benen da ke gaban Harami ne ke tarbarka, kuma in kana ɗawafi ka ɗaga kai shi za ka gani a kanka. Ban ce an yi laifi ba, amma zuciyata ta san garin ya sauya. To in an gama wannan na Jidda, da wanda aka yi a Masar, da waɗanda nake jin ana yi a Abijan da Legas, shin garuruwan nan kyau suke ƙarawa ko kuwa rasa kamanninsu suke yi? Masu ilimin abin ku fahimtar da mu.

Injiniya_Bashir:
Wa alaikumus salam. Alhaji barka da dawowa, Allah ya karɓi ibada. Abin da ka hango shi ne Jeddah Tower, a yankin Obhur. An fara shi a 2013, aka kai wajen hawa 63, sai aiki ya tsaya cak a 2018. Dalili kuwa, a ƙarshen 2017 an tsare manyan attajirai a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyad da sunan yaƙi da cin hanci, kuma cikinsu akwai Yarima Alwaleed bin Talal, wanda kamfaninsa ke cikin masu ginin, da shugaban kamfanin Binladin mai kwangilar. Daga baya korona ta zo. Sai a Janairun 2025 aka koma aiki a hukumance, suna cewa za su gama a 2028. A cikin 2025 ɗin ya haura hawa 70.

Wanda ya zana shi, Adrian Smith, shi ne ya zana Burj Khalifa ta Dubai mai mita 828, wadda ke riƙe da kambun tun 2010. In an gama na Jidda shi zai zama gini na farko da ɗan Adam ya kai kilomita guda.

Ummu_Hanan:
Ameen. Ni tambayata ɗaya ce, wa zai zauna a can sama? Ni hawa na biyar ma in na leƙo ƙasa jiri nake ji.

Injiniya_Bashir:
Hajiya, can ƙololuwar ba mai zama. Ɗauki Burj Khalifa: sama da mita 240 na ƙarshenta tsini ne kawai, ba ɗaki ba ofis. An sa shi ne don a ƙara tsayi. Kusan duk manyan nan haka suke, akwai inda mutane suke tsayawa, akwai sauran da aka yi don a gani daga nesa.

Abu_Fadima_Jidda:
Alhaji Sabitu, ni a nan aka haife ni, kakana ne ya zo daga Katsina a ƙafa ta Sudan. Bari in faɗa maka yadda mu muke ganin abin. Shekara bakwai ginin nan ya yi a tsaye ba rai, mun saba da shi kamar kututture. In za ka bakin ruwa a Obhur da iyali za ka wuce shi, ba mai ko kallonsa. Yanzu da dare fitilu ne a kansa, motocin kankare na shiga suna fita.

Amma in ka ce fuskar Jidda ta sauya, mu ba wannan ne ke zuwa mana a rai ba. Rusau ɗin 2021 zuwa 2022 ne. Gulail, Fitrumin, Karantina, Sabil, unguwannin da mutanenmu suka yi shekara da shekaru a ciki, inda za ka sayi tsire da fura da ɗanwake ka ji Hausa ta ko'ina, duk an share su. Gidan da na taso yanzu fili ne. Dangi sun warwatsu, wasu sun koma bayan gari, wasu Makka, wasu gida Najeriya da Nijar. Haya ta yi tashin gwauron zabi a shekarar. Wanda ya zo ta jirgi sama yake kallo, mu ƙasa muke kallo.

Sadiq_BUK:
Allah sarki. Wato talakawa aka kora don a yi dogon gini ke nan.

Abu_Fadima_Jidda:
A'a Sadiq, kar a haɗa. Hasumiyar tana can arewa, a filin da dama babu kowa. Unguwannin da aka rushe suna tsakiya da kudancin gari, kuma hukuma cewa ta yi ba a kan tsari aka gina su ba, ana kuma aikata laifuka a ciki. Ba zan ce babu gaskiya ko kaɗan a maganar ba, lungunan sun matse, motar asibiti ba ta iya shiga wasu. Abin da nake nufi shi ne tunanin ɗaya ne: a yi sabon gari mai kyan gani. Sai dai ba a tambayi na ciki ba.

Malam_Nuhu_Zariya:
Wannan ai an riga an faɗa mana. A hadisin Jibrilu, da aka tambayi Manzon Allah (SAW) alamomin tashin Alƙiyama, ya ambaci cewa za ka ga matalauta makiyayan dabbobi, marasa takalma, suna gasar tsawaita gini. Ku dubi waɗanda ke gasar yau, ku dubi abin da kakanninsu ke yi shekara ɗari baya. Magana ta ƙare.

Ustaz_Kabiru:
Malam Nuhu, hadisin ingantacce ne, yana cikin Muslim, kuma duk wanda ya ga Dubai zai tuna shi. Amma a yi hattara da abu guda. Malamai, cikinsu har da Imamu Nawawi, sun yi bayanin cewa kasancewar abu alamar Alƙiyama ba shi ke nuna haramun ne ko abin zargi ba. Labari ne aka ba mu na abin da zai faru. Abin da shari'a ke dubawa shi ne niyya da almubazzaranci da cutar da maƙwabci. Wanda ya yi bene mai hawa ashirin don mutane su samu wurin kwana kusa da aikinsu, da wanda ya ƙara mita ɗari don kawai ya fi ɗan'uwansa, ba ɗaya ba ne.

Wani abin da zai ba ku sha'awa: a 2011 malaman Dubai sun ba da fatawa cewa mazauna Burj Khalifa da ke sama da hawa na 80 su jinkirta buɗa baki da minti biyu, na sama da hawa na 150 kuma da minti uku, saboda suna ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga na ƙasa. Na Jidda kuwa zai fi haka.

Malam_Nuhu_Zariya:
Na karɓi gyara Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Amma kalmar da aka yi amfani da ita gasa ce, kuma gasa muke gani.

Hajiya_Rabi_Tours:
Ni zan yi magana kan agogon Makka da Alhaji ya kawo, don shekara goma sha biyu ina kai alhazai. Na san mutane da yawa ba sa son sa, amma ku tambayi tsohuwar da ƙafarta ke ciwo. Da can daga Misfala ko Kudai za ta tako cikin rana sau biyar. Wanda Allah ya hore wa ya sauka a benen, lif zai sauko da shi har harabar masallaci. Mutum miliyan biyu a kwari ɗaya tsakanin duwatsu, ina za a zuba su in ba a yi sama ba? Sannan agogon ya rage ɓatan alhazai sosai. Duk wanda ya rikice, cewa muke ya nemi agogo ya doshe shi.

Alhaji_Sabitu_Kwari:
Hajiya gaskiya ne, ni ma da shi nake gane hanya. Amma tsohuwar da kike faɗa, in ta hukumar alhazai ta zo, har yanzu a Misfala take kwana. Ɗakin da taga ke kallon Ka'aba kuɗin darensa ɗaya ya isa wani ya yi sati a ƙasa. Ni abin da ke damuna, wurin da kowa ke sa farin ƙyalle biyu don a zama ɗaya, sai ga wasu a sama suna leƙen wasu.

Dr_Maryam_Tarihi:
A ƙara da wannan. Inda benen yake, da can dutse ne, kuma a kansa akwai ganuwar Ajyad da Turkawan Usmaniyya suka gina a ƙarni na 18 don tsaron Harami. A 2002 aka rushe ta, aka baje dutsen. Turkiyya ta yi ƙorafi mai zafi a lokacin. Aka gama ginin a 2012, tsayinsa mita 601, faɗin fuskar agogon kaɗai mita 43. Masu kare aikin suna cewa waƙafi ne, kuɗin da yake kawowa na hidimar Harami ne, kuma haka ne.

Amma ku kwatanta da Madina. Otal-otal ɗin da ke kewaye da masallacin Manzo (SAW) kusan tsayinsu ɗaya, ba wanda ya yi fice, shi ya sa koren kubba da hasumiyoyin ke cika maka ido. Mutane da yawa in sun ce Madina ta fi sa nutsuwa, ina jin wannan na cikin dalilan ko da ba su lura ba. Wannan ba tsautsayi ba ne, tsari ne. Faris ma ta yi irinsa. Da aka gama benen Montparnasse mai mita 210 a 1973, mutanen garin suka ƙi shi har aka kafa dokar hana gini ya wuce mita 37 a cikin birni. Dogayen aka tura su La Défense, gefen gari. A Landan akwai wuraren da doka ta ce dole a iya hango kubbar majami'ar Saint Paul daga can, duk mai gini sai ya kauce wa layin. Gari ne ke zaɓar abin da yake so a fara gani.

Issoufou_Adjame:
Salam daga Abijan. Ni ɗan Tawa ne, ina kasuwanci a Adjamé shekara goma sha takwas. Namu sunansa Tour F, a unguwar Plateau. Tun da can akwai benaye biyar na ma'aikatun gwamnati, A zuwa E, wannan shi ne na shida, amma ya shanye su duka. An ce da tsininsa zai kai mita 421, zai fi na Masar. Pierre Fakhoury ne ya zana shi, wanda ya yi babbar majami'ar Yamusukuro, kuma an yi shi da siffar abin rufe fuska na gargajiyarsu. In ka taho ta gada daga Treichville da safe ka gan shi a cikin ruwan lagun, wallahi yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Mutanen nan suna alfahari da shi ƙwarai. Gwamnati ta ce za ta tara ma'aikatunta a ciki ta daina biyan haya.

Damuwata ɗaya ce: go-sulo. Plateau yanzu ma da safe ba ya shiguwa. In an zuba dubban ma'aikata a gini guda, ta wace hanya za su zo?

Sadiq_BUK:
To mu fa? Kullum giwar Afirka, amma dogon gininmu har yau NECOM House ne na Legas, mita 160, tun 1979. Habasha ta yi na bankinta mai sama da mita 200 a Adis Ababa. Maroko ta yi hasumiyar Muhammad na Shida mai mita 250 a bakin kogi kusa da Rabat. Masar ta yi Iconic Tower, sama da mita 380. Ga Kwaddibuwa. Mu muna nan muna kallo. Abin da ciwo.

Injiniya_Bashir:
Akwai motsi a Eko Atlantic, filin da aka cike teku aka yi a inda Bar Beach take da. A Maris ɗin 2025 First Bank ya aza harsashin sabuwar hedkwatarsa mai hawa 40 da wani abu, kuma an ce in an gama shi zai zama mafi tsayi a ƙasar. Akwai wasu benayen da tuni aka gama a wurin.

Amma Sadiq, ka je Abuja ka tsaya tsakanin Masallacin Ƙasa da babbar majami'a ka ɗaga kai. Millennium Tower ce za ka gani, mita 170, an fara ta a 2006 zamanin Obasanjo. Yaron da aka haifa ranar da aka fara ta yanzu yana jami'a, ita kuwa ba a buɗe ta ba. Wannan ma fuskar gari ce.

Baba_Tanko_Magini:
Yara ku bari in sa baki. Shekara talatin da huɗu ina aikin gini, na yi Kaduna, na yi Abuja, na yi Legas. Dogon gini ba tsayinsa ne aikin ba, ƙarƙashinsa ne. Wanda bai taɓa ganin ana zuba harsashin bene mai hawa goma ba bai san kuɗin da ake binnewa ba. A nan ne kuma ake cin amana, don ba mai gani. A rage rodi, a ƙara yashi, a cire katako kafin kankare ya yi ƙwari saboda mai gida na sauri.

Na taɓa barin wani aiki a Legas saboda haka. An ce mu ɗora hawa biyu kan abin da aka zana, na ce ginshiƙan nan ba za su ɗauka ba, aka ce ni magini ne ba injiniya ba. Na kwashe cokalina da ma'aunina na tafi, kuɗin sati uku ban karɓa ba har yau. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi, sama da mutum 40 suka mutu har da mai ginin, kwana na yi ban yi barci ba. Yawancin waɗanda ke ƙarƙashi irina ne, masu neman na abinci. Kafin mu yi gasa da Larabawa a fara samun mai duba aiki da ba a saye shi da ambulan.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Allah ya jiƙansu. Baba Allah ya saka maka da ka tsaya kan gaskiya.

Injiniya_Bashir:
Baba ya faɗi magana. Na Jidda turakun da aka kafa a ƙarƙashinsa wasu sun nutse sama da mita 100 cikin ƙasa, saboda bakin teku ne, ƙasar ba ta da ƙarfi kuma akwai gishiri mai cin ƙarfe. Bayan harsashi, babban abokin gaba iska ce. Shi ya sa aka yi shi da ƙafa uku kamar murhu, yana tsukewa yana hawa, don kar iska ta samu wuri ɗaya ta riƙa kaɗa shi. Sai lif. Igiyar ƙarfe in ta wuce wajen mita 500 nauyin kanta ya yi yawa, don haka kamfanin Kone zai sa wata igiya mara nauyi da aka yi da zaren kabon. Sai tura kankare sama ta bututu, wanda a Dubai da dare suke yi, suna haɗawa da ƙanƙara don kar zafi ya busar da shi a hanya. Sai ruwa, wanda ba famfo ɗaya ke kai shi ba, tanki-tanki ake yi ana miƙawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wuta yake ci, dare da rana, ba ɗaukewa.

Zainab_Wuse2:
Wuta! Nan nake jira a zo. Na yi shekara uku ina aiki a hawa na tara a wani bene a Abuja. In aka ɗauke wuta kuma ba dizal, da ƙafa za ka hau. Ina da ciki wata bakwai na hau shi, sai da na zauna sau uku a matakala. Wata rana lif ya tsaya da mu tsakanin hawa biyu kusan minti arba'in, mu shida, ba iska. Ginin duk gilashi ne, tagogin ba sa buɗuwa, in na'urar sanyaya ɗaki ta mutu sai ka ce tanda. Daga waje kuwa kowa sha'awarsa yake, har hoto ake zuwa ɗauka. Ni duk mai son a yi hawa hamsin a ƙasar nan ya fara zuwa ya yi wata guda a hawa na tara.

Garba_Kwanakwana:
Ga kuma gobara. Tsanin motarmu yana da iyaka, in wuta ta wuce nan sai dai abin da aka tanada a cikin ginin: bututun ruwa mai aiki, matakalar gudu da ba a cika ta da kaya ba, ƙofofin da ke tare hayaƙi. NECOM ɗin da Sadiq ya ambata ya yi gobara a 1983. Cocoa House na Ibadan, wanda Yarabawa suka gina da kuɗin koko a 1965, ya ƙone a 1985, ya yi shekaru kafin a gyara. Ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Sadiq_BUK:
Na ji duk wannan, amma in kullum muka ce sai wuta ta gyaru, sai kaza ya gyaru, ba za a taɓa yin komai ba. Dubai ma hamada ce. Legas fili ya ƙare, mutum na kwana a mota awa uku kafin ya isa aiki. Kano kanta ta bazu har ta haɗiye Kumbotso da Ungogo, gonakin da ake noma duk sun zama fulotai. In ba a yi sama ba gefe za a yi ta ci.

Dr_Maryam_Tarihi:
Sadiq, maganarka ta biyu tana da ƙarfi, amma ba ita ke kare ta farko ba. Cunkoso ba hasumiya ke magance shi ba, bene mai hawa huɗu zuwa takwas ne masu yawa, wanda ko lif ya tsaya za a iya hawa. Dubi Masar. Alƙahira na da mutum sama da miliyan 20, amma Iconic Tower ba a cikinta aka yi ba, a sabon babban birni ne, wajen kilomita 45 gabas cikin hamada, kamfanin Chaina ya gina, da bashin bankunan Chaina. Mai sayar da wake a unguwar Imbaba ta Alƙahira ba abin da ya ragu masa. Ita Chainar da ta fi kowa yawan irin waɗannan gine-gine ta hana a yi sabon da ya wuce mita 500, bayan ta ga irin wanda ya tsaya a Tianjin mai kusan mita 600, wanda daga baya ya kai wajen shekara goma ba kowa a ciki. Dubai ɗin ma, Burj Dubai aka so a kira Burj Khalifa. Bashi ya kama su a 2009, Abu Dabi ta cece su, ranar buɗewa aka sa sunan Sheikh Khalifa, sarkin Abu Dabi na lokacin.

Aghali_Agadas:
Ina ta karantawa ina murmushin jin daɗi, don mu namu dogon ginin mita 27 ne kacal, na laka. Hasumiyar masallacin Agadas, tun 1515, aka sake ta a 1844. Ayari in ya fito daga hamadar Tenere ita yake fara hangowa ya san ya iso. Ba wanda ya yi gini ya rufe ta, kuma duk wanda ya ga hotonta ya san Agadas ce ba wani gari ba. Wannan shi ne abin da nake ganin Alhaji Sabitu ke tambaya. Na ga hotunan Doha da na Dubai da na sabon birnin Masar, in aka cire sunan ba zan bambance su ba.

Ɗan_Katsina_Gobarau:
Haka hasumiyar Gobarau a wurinmu a Katsina. Da daga kanta ana ganin gari duka. Yanzu benaye sun kewaye ta, sai ka zo dab kafin ka gan ta.

Usman_Omdurman:
Mu a Sudan mun yi alfahari da namu. Benen gilashi na kamfanin mai na Greater Nile a bakin Nilu, shi ake sawa a hoton Khartum. A Satumban 2023 muka ga bidiyonsa yana ci da wuta daga sama har ƙasa. Dogayen benen da muke nuna wa baƙi su ne maharba suka hau a lokacin yaƙi. Ina Kasala yanzu da iyalina. Ban ce kar a gina ba, amma ina roƙon Allah ya ba garuruwanku zaman lafiyar da za a more su.

Hajiya_Rabi_Tours:
Ameen ya Rabbi. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan fitina Malam Usman.

Alhaji_Sabitu_Kwari:
Ameen. Aghali ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu a Kano Dala da Goron Dutse ne fuskar gari. Muna yara in an dawo daga tafiya, da ka hango Dala ka san ka zo gida. Yanzu daga wurare da yawa ba ka ganinta, ba don wani dogon gini ɗaya ba, sai don ƙananan benaye da allunan talla da aka jera ba tsari, ga gidaje sun hau har gindinta. Badala kuwa kowa ya san halin da take ciki. Wato mu ba mu samu hasumiya ba, kuma mun rasa hangen dutsen.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba. Gidan Bahaushe tsakar gida ne a buɗe, mata na aikinsu ba lulluɓi. Maƙwabcinmu ya ɗora hawa biyu da taga tana kallon gidanmu, sai da mai unguwa ya shiga tsakani aka toshe ta. Hawa biyu ke nan. In hawa ashirin ne fa, unguwa nawa za a rufe wa tsakar gida?

Ustaz_Kabiru:
Wannan babi ne sananne a fiƙihun Malikiyya, Alhaji, hana buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci. Alƙalan da suna hukunci a kai.

Injiniya_Bashir:
Shi ya sa ake ware unguwar kasuwanci daban. A Kano in za a yi, wajen Bompai ko hanyar Zariya ya dace, ba cikin ganuwa ba. Kuma Sadiq, ni ba na adawa da dogon gini, sana'ata ce, in aka kira ni aikin Jidda gobe zan tafi. Ganin yadda ake tura kankare hawa ɗari sama abu ne da kowane injiniya ke so ya gani da idonsa.

Sadiq_BUK:
To ni dai har yanzu ina son in ga ranar da za a nuna hoton wani gari a Arewa a ce ga shi, ba sai an yi bayani ba. Ko da hawa talatin ne.

Aghali_Agadas:
Ai kuna da shi Sadiq, Ƙofar gidan Sarki da Dala. Sai dai a share musu hanya a gan su.

Abu_Fadima_Jidda:
Jiya da dare na bi ta Obhur saboda wannan hirar, na tsaya na kalle shi da kyau. Ma'aikata na sauka daga aikin dare, yawancinsu 'yan Indiya da Pakistan da Bangaladash, ana kwasarsu a bas. Ɗana mai shekara tara ya ce in an gama zan kai shi can sama wurin kallo ya ga teku. Na ce masa in Allah ya kai mu. Alhaji Sabitu, in ka sake zuwa Umara ka yi min magana, in kai ka ka gan shi daga gindinsa, sannan mu bi ta Gulail in nuna maka inda gidanmu yake da.

Alhaji_Sabitu_Kwari:
In sha Allahu, bayan Sallah babba nake sa ran komawa. Injiniya, tambaya ta ƙarshe: ranar da ake hazo irin namu na hunturu, shin daga ƙasa za a iya ganin kansa kuwa?

Injiniya_Bashir:
Da wuya Alhaji. Burj Khalifa ma akwai safiyar da hazo ke rufe Dubai, na ƙasa ba sa ganin samanta, na sama kuma ba sa ganin gari.